Daren da muka yi wa likita faɗa saboda kwamfutar hannu



A taron ƙarshen wata da ya gabata an nemi kwamitin walwala ya ba da bayanin yadda jinyar ɗan'uwanmu ɗan dako na kasuwar Mile 12 ta kasance. Mun karanta lissafi a wurin, kowa ya ji abin da aka tara da abin da aka kashe. Amma akwai ɓangaren da bai shiga takardar lissafi ba, kuma shi ya fi tsaya mana a rai, domin kuskurenmu ne, mu ukun da muka raka shi asibiti. Shugaba ya ce a rubuta a sa a nan saboda masu raka marasa lafiya nan gaba. Mai jinyar ya amince, da sharaɗin ba za a ambaci sunansa ba.

Ranar wata Talata ce bayan la'asar. Yana saman motar albasa da ta zo daga Aliero, yana miƙo buhu, ƙafarsa ta zame ya faɗo, gefen kansa na dama ya bugi bakin kwalbati. Ya ɗan suma, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, ya miƙe ya karkaɗe jikinsa ya ce ba komai. Har abinci ya ci. Sai bayan magariba ciwon kai ya taso masa, ya yi amai sau biyu, maganarsa ta fara sarƙewa, barci mai nauyi yana fizgarsa. Nan ne abokan kwanansa suka kira mu.

Wani ƙaramin asibiti da muka fara zuwa suka ce sai an yi masa hoton kai na CT, suka tura mu wata cibiyar ɗaukar hoto mai zaman kanta. Aka yi hoton, aka miƙo mana babban ambulan. A ciki akwai fim, wato baƙar ledar nan mai ƙananan hotuna a jere, sai kuma faifan CD guda ɗaya. Muka tambayi sakamako, aka ce sai gobe, likitan da ke karantawa ba ya nan.

Mu dai a da duk wanda ke sashen hoto likita ne a wajenmu. Ashe mutum biyu ne daban. Akwai ma'aikacin da ke kwantar da kai ya sarrafa injin ya ɗauki hoton, karatunsa daban. Akwai kuma likitan da ya ƙware a karanta hoton ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu. Wanda ya ɗauka ba hurumin sa ba ne ya ce maka ga abin da ke damunka, ko da kuwa idonsa ya gani. Shi ya sa in kun matsa masa yake cewa ku jira likita, ba wulaƙanci ba ne.

Kuskurenmu na farko a bakin cibiyar nan muka yi shi. Muka ɗaga fim ɗin a gaban fitilar mota, muka ɗauke shi da waya, muka tura wa wani ɗan'uwan ma'ajinmu da ke aikin likita a Kano ta WhatsApp. Allah ya saka masa, bai yaudare mu ba. Ya ce kamar yana hango wani fari a gefe, amma da irin wannan hoton ba zai iya yanke magana ba, kada mu ɓata lokaci, mu wuce asibitin koyarwa yanzu-yanzu. Kuskure na biyu ya fi muni. Wani yaro da zai koma Agege muka haɗa masa kayan mai jinya, rigarsa da takalmansa, muka jefa faifan a cikin ledar. A tunaninmu fim ɗin shi ne hoton, faifan kuwa kyauta ce irin ta 'yan kasuwa.

Wajen ƙarfe 11 na dare muka isa asibitin koyarwa. Likitan ɗakin gaggawa ya duba idanunsa da tocila, ya yi waya, can sai ga wata matashiyar likita ta fito daga sashen hoto, riƙe da kwamfutar hannu, irin faffaɗar nan mai kama da allo wadda ake shafawa da yatsa. Ta maƙala fim ɗinmu a jikin akwatin haske, ta duba, ta ce lalle akwai jini a cikin kai, a fara shirya shi. Sai ta juyo ta ce ina faifan. Muka kalli juna.

Da rana ce da mun shiga uku da gosulon Legas. Da yake dare ne, mataimakin sakatare ya je ya dawo cikin abin da bai kai awa ɗaya da rabi ba. Amma wannan lokacin muna tsaye muna jin numfashin yaron nan yana canzawa zuwa minshari, kowa a cikinmu ya san hannunsa ne ya jefa faifan a leda. Ba mu fatan wani ya tsaya irin wannan tsayuwa.

Da faifan ya iso ta karɓa ta shige ciki. Bayan kamar minti goma ta dawo tare da wani likita na sashen tiyatar ƙwaƙwalwa. Suka tsaya a gefen gado, su biyu sun sunkuya kan allon nan, tana jan yatsa sama da ƙasa, hotuna suna ta gudu kamar fim, ga na'urar magana a kunnenta tana yi da wani da ba mu gani. Baba ma'aji, wanda tun la'asar bai sa komai a cikinsa ba, haƙurinsa ya ƙare. Ya tashi da faɗa da Hausa, yana cewa yaro na kwance rai a hannun Allah, 'ya'yan zamani sun tsaya kallon fim da hira a waya, da a ce ɗan wani babba ne da tuni an shiga da shi.

Ba mu san tana jin Hausa ba. Bayarabiya ce, amma ashe a Jigawa ta yi hidimar ƙasa. Ta cire abin kunnen ta ce, «Baba, yi haƙuri. Ba wasa nake ba. Zo ka gani.»

Jikinmu ya yi sanyi, muka matsa. Ta nuna mana kan ɗan'uwanmu an yanyanka shi a hoto, falle bayan falle daga ƙasa zuwa sama, kamar yadda ake yanka albasa. Ta tsaya a wani falle, ta nuna wani fari mai siffar ƙwallon goro a manne da ƙoƙon kai ta dama, ta ce wannan jini ne ya taru tsakanin ƙashi da fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Ta ja layi da yatsa, allon ya ba ta kaurinsa. Ta nuna layin tsakiya na ƙwaƙwalwa yadda ya karkata zuwa hagu saboda jinin yana tura shi. Sai ta taɓa wani wuri, hoton ya canza gaba ɗaya, ƙwaƙwalwar ta ɓace sai ƙashi tsantsa, ga tsagewa siririya daidai saman kunne. Ta ce nan wata jijiyar jini take bi, ita ce tsagewar ta yanka. Wanda take magana da shi a kunne kuwa babban likitanta ne, yana gidansa, yana kallon waɗannan hotuna a tasa kwamfutar hannun a daidai lokacin, yana tabbatar da abin da ta gani.

Baba ma'aji ya ce, «'Yata, ki yafe mini.» Ta ce ba komai Baba, ta saba. Wannan «na saba» ta fi faɗan da zai yi mana zafi.

Kafin asuba an shiga da shi, an buɗe, an kwashe jinin. Likitan tiyata ya gaya mana daga baya cewa irin wannan jinin haka yake yaudara: mutum ya farfaɗo ya yi tafiyarsa awa biyu ko uku lafiya lau, alhali jijiya tana zuba a ciki. Don haka duk wanda ya bugu a kai har ya suma, ko da ya miƙe yana dariya, a kai shi asibiti, kada a bar shi ya kwanta barci a rumfa.

Abin bai bar mu ba. Da taro ya zagayo muka gayyaci ɗan wani dattijonmu na Oko-Oba, wanda shi ma likita ne mai neman ƙwarewa a wannan fanni, yana shekararsa ta huɗu. Ya zo da tasa kwamfutar hannun, ya zauna da mu fiye da awa biyu a ofishin ƙungiya. Abin da za mu faɗa daga nan yawancinsa daga bakinsa ne, mun rubuta yadda muka fahimta.

Ya fara da hanyar da suke bi. Bayan mutum ya gama karatun likita na shekara 6, ya yi shekarar horo a asibiti, ya yi hidimar ƙasa, sai ya ci jarrabawar share fage kafin a ɗauke shi. Daga nan shekaru ne na aiki da karatu a haɗe, da jarrabawa kashi na ɗaya da kashi na biyu, ko dai a ƙarƙashin kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin nan Legas, ko ta likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma. Wato wadda Baba ya kira yarinya cikakkiyar likita ce da ta shekara fiye da goma tana wannan hanya. Irinsu ne ke kwana a asibiti, su ne idon farko a kan hotonka da daddare, babban likita yana bayansu.

Muka tambaye shi me ya sa faifai ya fi fim. Nan ya daɗe, mu ma nan muka fi ƙaruwa. Ya ce hoton CT ba hoto ba ne irin na kyamara, lissafi ne. Kowane ɗigo a cikinsa lamba ce da ke nuna taurin abin da ke wurin. An sa ruwa a kan sifili, iska a kan 1000 ƙasa da sifili, ƙashi mai tauri yana kai 1000 ko fiye, ƙwaƙwalwa tana tsakanin 20 da 40, jinin da ya taru sabo yana ɗan sama da ita. Ma'aunin yana ɗauke da sunan Godfrey Hounsfield, injiniyan Ingila da ya ƙera injin, wanda aka fara gwada shi a kan mara lafiya a Landan a 1971. To idon ɗan Adam ba ya iya bambance launin toka iri dubu biyu a lokaci ɗaya. Sai likita ya zaɓi ɗan tsakanin da yake son gani: in ƙwaƙwalwa yake nema ya matse lambobin, in ƙashi ne ya buɗe su. Abin da likitar nan ta yi ke nan da hoton ya canza a gabanmu. A faifai duk lambobin suna nan, da dukan fallayen, waɗanda kan kai ɗaruruwa in an yanka siriri. A fim kuwa an zaɓo 'yan kaɗan ne an buga su a yanayi ɗaya ko biyu, ba sa sake motsi. Mu kuma da muka ɗauki fim da waya a gaban fitilar mota, muka tura ta WhatsApp da ke matse hoto ya rage masa nauyi, hoton hoton hoto muka aika Kano. Ya yi dariya ya ce likitan da ya ƙi yanke mana magana a kai ya san aikinsa.

Sannan ya nuna mana abin da ke cikin tasa. Littattafan fanninsu manya ne, wasu juzu'i biyu, kowanne sai a sa hannu biyu a ɗauka, ga tsada. Waɗanda suka riga su da su suke yawo, ko su yi layi a ɗakin karatu a kan kwafi ɗaya. Shi kuwa duk suna cikin allon. Ya buɗe wani shafi mai suna Radiopaedia, wanda wani likita ɗan Ostireliya ya kafa a 2005, inda likitocin duniya ke zuba hotunan cututtuka da bayaninsu bayan an goge sunayen masu su. Ya ce karatunsu karatun ido ne, sai ka ga abu sau ɗari kafin ka gane shi a cikin duhu da gajiya. Cutar da a asibitinsu sai a shekara ba a ga mai ita ba, yana iya ganin misalinta ashirin a zaune cikin danfo. Kuma ba kamar littafi ba da ke nuna maka falle ɗaya mai kibiya a kan ciwon, a nan sai ka bi fallayen da yatsanka ka nemo da kanka, kamar yadda za ka yi a bakin aiki. Da safe in sun taru gaban manyansu ana ɗora hoto a tambayi mutum me ya gani, kowa na iya jawo hoton a gabansa ya duba da kyau, ba sai na baya ya yi ta leƙe ta kafaɗar na gaba ba. Ya ƙara da wani abu da duk muka gane ba sai an yi bayani ba: in an ɗauke wuta, kafin janareta ya tashi, allon nan yana nan da cajinsa.

Mun ɗauka zai tsaya a yabo. Sai ya ce a'a, a rubuta ɗaya gefen ma. Ainihin karatun hoto, wanda ake sa wa hannu, a ɗakin karatun hoto ake yin sa, ɗaki mai ƙarancin haske, da manyan alluna na musamman da ake auna haskensu lokaci-lokaci, ga tsofaffin hotunan mara lafiya a gefe ana gwadawa. Kwamfutar hannu a ɗakin gaggawa mai fitilu, da zanen yatsu a fuskarta, ba za ta yi daidai da wannan ba. Hoton CT da na MRI suna da sauƙi a kanta domin kowane falle ba shi da ɗigo da yawa. Amma hoton mama na neman sankara, inda ake farautar ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba, ba a yarda a yanke hukunci a kanta ba. Ya ce ko a Amurka, lokacin da hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta fara amincewa da wata manhaja mai suna Mobile MIM a 2011, shekara ɗaya bayan fitowar iPad, sharaɗin da ta sa shi ne a yi amfani da ita in babu halin kaiwa ga babbar kwamfutar aiki, ba ta maye gurbinta ba.

Wannan ya yi daidai da abin da ya faru da mu. Rubutaccen sakamakon da ya fito washegari da rana, mai sa hannun babban likita, ya tabbatar da duk abin da aka gani da daddare, amma ya ƙara wani ɗan ƙaramin rauni a ɗaya gefen ƙwaƙwalwar wanda ba a ambata mana ba a daren. Bai buƙaci tiyata ba, amma saboda shi aka sake hoto bayan kwanaki. Ko allon ne ya ɓoye shi, ko gaggawa ce ta sa aka bi babban aka bar ƙaramin, ba abin zargi ba ne a wajenmu. Abin da ake nema a daren shi ne a shiga da shi ko kada a shiga, kuma allon ya ba da wannan amsa da wuri. Sauran na ɗakin karatu ne.

Ya kuma faɗi abin da ke damunsa game da 'yan'uwansa. Akwai wanda da zarar ya ga abin da bai gane ba sai ya ruga bincike a allo kafin ya matsa wa kansa ya yi tunani, ranar jarrabawar baka kuwa ba allo, daga kai sai hoton da malamai. Akwai saƙonnin da ke shigowa suna ɗauke hankali ana tsakiyar aiki, don haka zargin Baba ma'aji ba a kan kowa ne zai zama ƙarya ba. Sai babbar magana, sirrin mara lafiya. Kowane hoto yana ɗauke da suna da shekaru da lambar asibiti. In allon ya ɓata ba makulli, ko aka tura hoto a zauren hira ba a goge suna ba, an tona asirin mutum, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan. A nan ya juyo kanmu. Ya ce ya ga yadda ake saka takardun asibiti da hotunan mambobi a zauren ƙungiya in ana neman taimako, da suna da komai, mutum ɗari uku suna gani. Ba mu da amsa, domin mu ne masu sakawa. Tasa kwamfutar kuma da kuɗinsa ya saya, shi ke sa mata data, abin da muke ganin bai kamata a bar wa mai neman ƙwarewa shi kaɗai ba.

Wani memba ya tambaya ko wannan zai amfani mutanenmu na gida, inda za ka samu babban asibitin ƙaramar hukuma da injin hoto amma ba likitan karantawa. Ya ce a nan ne ma amfanin ya fi yawa, domin likitocin fannin ba su da yawa, sun taru a manyan birane, wasu kuma suna ficewa waje. In injin na zamani ne mai fitar da hoto a kwamfuta, ana iya tura ainihin fayil ɗin ga likita a Kano ko Zariya ko Legas ya karanta ya mayar da sakamako. Amma sai da intanet mai ƙarfi, da wuta, da tsarin da ya san wa zai sa hannu kuma wa za a tambaya in an yi kuskure. Ɗaukar fim da waya a jikin taga ba ya cikin wannan lissafi.

Bayan tafiyarsa kwamiti ya zauna. Mun amince daga yau duk wanda ƙungiya ta tura rakiya, faifai da fim da rubutaccen sakamako su zauna a ambulan ɗaya a hannun mutum ɗaya, kuma in cibiya ba ta ba da faifai ba a nema, ko da za a ƙara kuɗi. Tsofaffin hotuna kada a zubar, a riƙa zuwa da su, domin da su likita ke gane abin da ya ƙaru ko ya ragu. Abin da aka faɗa da baki da daddare a ɗauke shi a matsayin na wucin gadi, a koma a karɓi mai sa hannu. Takardun asibitin memba kuma ba za a sake saka su a zaure ba, ma'aji da sakatare su gani ya wadatar.

Ɗan'uwanmu ya kwana 12 aka sallame shi. An ce kada ya ɗauki kaya a ka har sai likita ya ba shi izini, don haka ƙungiya ta sama masa tebur yana sayar da albasa a kashi kafin lokacin. Ranar da muka mayar da shi a cire zare, Baba ma'aji ya ƙulla goro da dabino a leda ya ce sai ya kai wa likitar nan da hannunsa. Muka tarar ta yi kwanan aiki ta tafi gida, sai ya bar wa nas ɗin sashen, ya sa aka rubuta a takarda: daga Baban da ya yi faɗa. Mai jinya zai koma ganin likita farkon wata mai zuwa, kuma har yanzu muna neman wanda zai raka shi, domin mu ukun duk muna da tafiya a makon. Mai hali ya sanar da sakatare.